Taba Sigari Da Ciwon Hantar Da Garkuwar Jiki Ke Haddasawa: Binciken Likitoci Da Ma'aunin Shari'a

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya ƙera ɗan Adam ya kuma ɗora masa amanar jikinsa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu Sallallahu Alaihi Wasallam, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, duk lokacin da aka ambaci illar taba sigari, a kan mumbari ko a gidan rediyo, hankalin jama'a yakan tafi ga huhu da tari da ciwon zuciya. Ba kasafai hanta take shigowa cikin zancen ba, alhali kuwa ita ce gaɓar da ke karɓar mafi yawan gubar da ta shiga jini. Balarabe ya ɗauki hanta a matsayin alamar rai, shi ya sa a hadisin mutumin da ya shayar da kare ruwa, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, aka siffanta kowane abu mai rai da cewa mai ɗanyar hanta ne. Bahaushe ma idan zai kwatanta shaƙuwar mutum biyu sai ya ce sun zama hanta da jini, idan kuwa tsoro ya kama mutum sai a ce hantarsa ta kaɗa.

A 'yan shekarun nan likitoci sun daɗa mai da hankali kan wata tambaya: shin shan taba yana daga cikin abubuwan da ke tunzura garkuwar jikin mutum ta juya ta yaƙi hantarsa? Tambayar ta shafi gidajenmu a Birnin Kebbi da Argungu da sauran garuruwan bakin Gulbin Rima, ta kuma shafi malamai, domin tana buƙatar mu san yadda Shari'a ke auna cutarwar da aka tabbatar da kuma wadda ake kyautata zatonta.

Yadda mai gadi ke juyawa kan maigida

Hantar baligi takan kai nauyin kilo 1.5, kuma kusan lita 1.5 ta jini ke ratsa ta a kowane minti. Ita ke tace guba, ita ke adana sukari, ita ke ƙera sinadaran da ke tsayar da zubar jini, ita kuma ke samar da ruwan maɗaciya wanda ke narkar da maiƙo a hanji. Wannan ruwa yana bin wasu 'yan ƙananan magudanai a cikin hantar kafin ya tattaru ya gangara hanji.

Garkuwar jiki kuwa rundunar tsaro ce da Allah ya sanya a cikin jini domin ta gane baƙo ta hallaka shi. Wani lokaci rundunar takan ruɗe, ta kasa bambance ɗan gida da baƙo, sai ta auka wa wata gaɓa ta jikin da take karewa. Idan hanta ce abin ya faɗa wa, likitoci sun san manyan nau'o'i uku. Na farko shi ne wanda garkuwar ke afka wa ƙwayoyin hantar kansu. Na biyu, wanda suke taƙaita sunansa da PBC, shi ne wanda ke cinye ƙananan magudanan maɗaciya sannu a hankali. Na uku, mai suna PSC, yana sa magudanan su ƙandare su tsuke, kuma sau da yawa yana zuwa tare da gyambon babban hanji.

Nau'i na biyu shi ne aka fi danganta shi da taba. Kusan 9 cikin kowane 10 na masu fama da shi mata ne, galibinsu tsakanin shekara 40 zuwa 60. Yakan fara da kasala wadda barci ba ya maganinta, da ƙaiƙayin jiki ba tare da ƙuraje ba, musamman da dare a tafin hannu da na ƙafa. Bayan shekaru sai idanu su yi shawara, fitsari ya yi ja, idan kuma aka bar shi hanta ta cika da tabo ta ƙandare, ciki ya ɗauki ruwa. Babu wata ƙwayar cuta a cikinsa da za ta tsallaka daga mutum zuwa mutum, saboda haka ba a ɗaukarsa ta kwanciyar aure, ko cin abinci a akushi ɗaya, ko shayarwa.

Abin da bincike ya nuna

Gado yana da hannu a wannan ciwo. Wani bincike da aka wallafa a 2004 ya duba tagwaye masu kama ɗaya guda takwas waɗanda ɗayansu ke da ciwon, aka tarar a cikin biyar daga ciki ɗan'uwan tagwaicin ma yana da shi. Sauran ukun da suka kuɓuta, duk da cewa halittarsu ɗaya ce da ta 'yan'uwansu, su ne suka nuna cewa akwai wani abu daga waje da ke kunna wutar. Daga nan masu bincike suka shiga neman wannan abu a cikin rayuwar marasa lafiya.

A shekarar 2000 wani nazari a arewa maso gabashin Ingila ya gano cewa tarihin shan taba ya fi yawa a cikin masu ciwon fiye da waɗanda ba su da shi. A 2005 Farfesa Eric Gershwin na Jami'ar Kalifoniya da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon tambayoyin da suka yi wa marasa lafiya 1,032 a Amurka, suka kwatanta su da kimanin adadinsu na masu lafiya. Abubuwan da suka fito fili sun haɗa da samun mai ciwon a cikin dangi, da yawan kamuwa da ciwon mafitsara, da kuma shan taba a baya. A 2010 wani nazari a Faransa ya sake samun wannan alaƙa, kuma a lissafinsa ya haɗa masu sha da waɗanda ke shaƙar hayaƙin wasu. Wasu nazarce-nazarcen a Amurka da Faransa sun nuna cewa a cikin waɗanda ciwon ya riga ya kama, masu tarihin shan taba sun fi samun tabo mai tsanani a hanta.

Ta yaya hayaƙin da ya shiga huhu zai taɓa hanta? Hayaƙin taba yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 daga cikinsu an san suna jawo sankara. Da zarar sun ratsa huhu sun shiga jini, hanta ce ke ɗaukar nauyin farfasa mafi yawansu, har da nikotin ɗin da ke sa mutum ya kasa bari. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne cewa wasu sinadarai na waje suna iya manne wa wani furotin na cikin ƙwayoyin jiki su sauya masa kamanni, sai garkuwa ta gan shi kamar baƙo ta far masa. An riga an tabbatar da makamancin wannan a ciwon amosanin gaɓɓai da garkuwar jiki ke haddasawa, wanda rahoton Babban Likitan Gwamnatin Amurka na 2014 ya lissafa cikin cututtukan da taba ke jawowa.

Amanar ilimi ta wajabta a faɗi ɗaya ɓangaren. Waɗannan nazarce-nazarce sun nuna alaƙa ce mai maimaituwa, kuma likitoci suna kiran taba abin da ke ƙara haɗari, ba su kai ga cewa ita kaɗai ce sababi ba. Mata da yawa masu ciwon ba su taɓa sa kara a baki ba, mashaya da yawa kuma ba su kamu ba. A nau'i na uku ma, wato PSC, bincike ya sha nuna cewa masu shan taba ba su kai waɗanda ba sa sha yawa ba a cikin marasa lafiyar. Babu likitan da ya ɗauki wannan a matsayin izinin sha, domin abin da taba ke kashewa ta wasu hanyoyi ya ninninka hakan nesa ba kusa ba.

Tsakanin yaƙini da zato

Malaman usulul fiƙhu sun kasa sanin ɗan Adam gida huɗu: yaƙini, da zato mai rinjaye, da shakka, da wahami. Hukunce-hukuncen Shari'a da yawa a kan zato mai rinjaye aka gina su. Alƙali yana yanke hukunci da shaidar adilai biyu ko da yake ba ya wurin da abin ya faru. Marar lafiya yana ajiye azumi ko ya yi taimama idan ƙwararren likita ya gaya masa cewa akwai tsoron ciwonsa ya ƙaru, ba a cewa sai ya jira cutar ta tabbata tukuna.

Idan muka ɗora maganar taba a kan wannan ma'auni, za mu ga mataki biyu. Alaƙarta da ciwon hantar da garkuwar jiki ke haddasawa tana matakin zato mai ƙarfi. Cutarwarta ga hanta ta wata fuskar kuwa ta kai yaƙini: tun 2004 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sanya sankarar hanta cikin waɗanda shan taba ke haddasawa, rahoton Amurka na 2014 kuma ya tabbatar da haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe fiye da mutum miliyan 7 a kowace shekara, fiye da miliyan 1 daga cikinsu ba mashaya ba ne, hayaƙin wasu suka shaƙa.

Don haka hukuncin taba bai rataya a kan wannan sabon bincike ba. Binciken ƙari ne a kan hujjar da ta riga ta tsaya da ƙafafunta. Wannan kuma gargaɗi ne gare mu masu wa'azi. Bai halatta mu hau mumbari mu ce an tabbatar da abin da likitoci suka ce ana zato ba, ko da niyyarmu tsoratar da matasa ce. Aya ta 36 a Suratul Isra'i ta hana mutum bin abin da ba shi da ilimi a kansa. Matashin yau yana da waya a hannu, idan ya kama malami da ƙari a magana ɗaya, sauran tara na gaskiya ma zai watsar da su.

Saɓanin magabata da dalilinsa

Masu kare shan taba sukan ce ai malamai sun yi saɓani. Gaskiya ne, kuma saɓanin ya faro ne daga cikin mazhabarmu ta Malikiyya. Taba ta iso ƙasashen Musulmi daga nahiyar Amurka a ƙarshen ƙarni na 16. A 1607 Shehu Ahmad Baba na Tumbuktu ya yi rubutu yana ganin halaccinta, bisa hujjar cewa ba ta gusar da hankali kamar giya. A Masar, Shehu Ibrahim al-Laƙƙani, wanda ya rasu a 1631, ya yi rubutu yana hana ta, yayin da Shehu Ali al-Ajhuri, wanda ya rasu a 1656, ya halatta ta ga wanda ba ta gusar masa da hankali ba kuma ba ta cutar da shi. A Daular Usmaniyya, Sarki Murad na Huɗu ya haramta ta a 1633 da hukunci mai tsanani. Ɗariƙar Tijjaniyya kuwa ta daɗe da hana mabiyanta kusantarta.

Abin lura shi ne cewa waɗanda suka halatta sun gina fatawarsu a kan rashin bayyanar cutarwa a zamaninsu. A 1950 masu bincike biyu na Ingila, Richard Doll da Bradford Hill, suka fito da hujjar alaƙar taba da sankarar huhu, sama da shekara 300 bayan rasuwar Ahmad Baba. Ƙa'ida ce sananniya cewa hukunci yana tafiya tare da illarsa, idan ta samu ya samu, idan ta gushe ya gushe. Wanda ya riƙe fatawar 1607 ya yi watsi da sharaɗinta, bai bi Ahmad Baba ba. Shi ya sa majalisar fatawa ta ƙasar Malesiya a 1995, da Muftin Masar Shehu Nasr Farid Wasil a 2000, da ƙungiyar Muhammadiyya ta Indonesiya a 2010, duk suka bayyana haramcinta. Hujjojinsu sun haɗa da aya ta 195 a Suratul Baƙara wadda ta hana jefa kai cikin halaka, da aya ta 29 a Suratun Nisa'i wadda ta hana kashe kai, da aya ta 157 a Suratul A'araf wadda ta siffanta Manzon Allah da halatta daɗaɗa da haramta ƙazanta, da hadisin da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa wanda ya hana cuta da cutarwa.

Haɗa addini da kiwon lafiya gadonmu ne a wannan ƙasa. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo na Gwandu ya yi rubutu a kan maslahohin ɗan Adam da suka shafi addini da jiki, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya yi rubuce-rubuce a kan ciwon ido da basir da magunguna. Malamin da ya yi wa'azi a kan hanta a Birnin Kebbi, a kan turbarsu yake.

Nauyin da ke kan hantar mutanen Kabi

Binciken ƙasa na 2012 a kan shan taba ya nuna cewa kashi 5.6 cikin 100 na manya a Najeriya suna amfani da taba, kimanin kashi 10 na maza da kashi 1 na mata. A yankinmu taba tana da fuskoki da yawa: sigarin da ake sayarwa kara-kara a teburin mai shayi da tashar mota, da lofen tsofaffi, da taba gari da ake haɗawa da kanwa a sa a baki, da shisha da ta shigo cikin samari da 'yan mata. Masunci a Matan Fada yakan ce yana korar sanyin hunturu ne kafin ya shiga ruwa da homa da gora. Manomin shinkafa a fadama da ɗan kabu-kabu sukan ce tana kashe gajiya. Sai dai Hausawa sun riga sun ce taba ta bambanta da garin gero.

Hantar mutanenmu kuwa dama tana ɗauke da kaya. Binciken ƙasa na 2018 ya gano ciwon hanta nau'in B a jikin kashi 8.1 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64. Ga gubar da fumfuna ke saki a gyaɗa da masarar da ba ta bushe da kyau ba. Ga jiƙe-jiƙen da ake sayarwa a robobi ba tare da an san abin da ke ciki ba, da ƙwayoyin kashe ciwo da ake haɗiya ba ƙa'ida. Nazarce-nazarce sun nuna cewa mai ɗauke da nau'in B idan yana shan taba, haɗarin sankarar hanta a kansa ya fi na wanda ba ya sha.

Haƙƙin matan gida

A nan ne maganar ta fi nauyi. Ciwon da muke magana a kai na mata ne a mafi yawan lokuta, matanmu kuwa kaɗan ne ke shan sigari. Amma da yawansu suna kwana a ɗakin da maigida ke busa hayaƙi, da yara a shimfiɗe a gefe, musamman lokacin sanyi da ake rufe ƙofa da taga. Wanda ya ce jikinsa ne, ina ruwan wani, sai ya amsa tambayar huhu da hantar matar da aka ba shi amana. Manzon Allah ya hana wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa ko albasa kusantar masallaci saboda warin da ke damun mutane na ɗan lokaci. Ina ga hayaƙin da iyali za su shaƙa shekara ashirin?

Akwai zalunci na biyu. Idan mace ta fara ƙaiƙayi da rama da shawara, sau da yawa zargi ne ke riga asibiti isowa. Wasu su ce kishiya ce ta yi mata sammu, zumunci ya lalace a kan zato. Wasu su ji an ce ciwon hanta sai su ware mata kwano, wani mijin ma ya ƙaurace mata ko ya sake ta. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta umarce mu da nisantar yawan zato. Ciwon hanta iri-iri ne, gwajin jini ne kaɗai ke rarrabe su. Nau'in B ɗin ma da ake tsoro ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare, kuma yana da allurar rigakafi wadda ta shiga jadawalin rigakafin yara a Najeriya tun 2004, ana so a yi wa jariri ta farko cikin awa 24 da haihuwa. Ruƙiyya da addu'a alheri ne, amma wanda ya koyar da su shi ne ya umarci bayin Allah da neman magani.

Abin da ya rage gare mu

Duk wanda ya ga kasala mai tsawo, ko ƙaiƙayi marar dalili, ko rawayar ido a jikin iyalinsa, ya kai su a yi gwajin aikin hanta da na nau'in B da C. Akwai asibitin tunawa da Sir Yahaya da asibitin Gwamnatin Tarayya a Birnin Kebbi, da babban asibitin Argungu, idan kuma ana buƙatar ƙarin bincike likita zai iya turawa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Ciwon PBC yana da alamar da ake gani a jinin kusan 9 cikin 10 na masu shi, yana kuma da magani mai suna Urso wanda ke rage saurinsa ƙwarai idan an fara da wuri. Nau'in farko ma ana lafar da shi da magungunan kwantar da garkuwar jiki ƙarƙashin kulawar likita.

Mai shan taba kuma kada ya yanke ƙauna. Ƙishirwar nikotin takan yi tsanani a makon farko, sannan ta riƙa sauka cikin makonni biyu zuwa huɗu. Wanda ya iya haƙura daga alfijir zuwa faɗuwar rana kwana 29 ko 30 a watan Ramadan ya riga ya ga hujja a kan kansa cewa zai iya. Ya sa rana, ya sanar da iyalinsa da abokin kirki, ya sauya majalisar da ake sha, ya nemi shawarar ma'aikacin lafiya. Kafin ya kai ga bari gaba ɗaya, mafi ƙarancin abin da ke kansa shi ne kada ya kunna a cikin gida ko kusa da yaro.

'Yan tireda da masu shayi su sani cewa Dokar Taƙaita Shan Taba ta Ƙasa ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayarwa kara-kara, ta kuma hana sha a wuraren taruwar jama'a. Aiken yaro sayen sigari koya masa hanya ne. Limamai da malaman Islamiyya da masarautun Gwandu da Argungu suna da murya da jama'a ke saurare, kuma ranar 31 ga Mayu ta yaƙi da shan taba da ranar 28 ga Yuli ta ciwon hanta dama ce ta gayyato likita ya yi bayani a harabar masallaci bayan sallar Juma'a.

Hadisi ya tabbata cewa bawa ba zai gusa daga matsayarsa ranar alƙiyama ba sai an tambaye shi game da dukiyarsa, ina ya samo ta kuma ina ya kashe ta, da jikinsa, a me ya ƙarar da shi. Mai shan taba tambayoyin biyu duk suna jiransa, ta uku kuma ita ce ta iyalin da aka ba shi kiwo. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba masu ƙoƙarin bari ƙarfin zuciya, ya sa mu cika da imani. Allah ne mafi sani.